Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga editocin kafofin labarai na Hausa kan yadda ake kawo mana taƙaddamar bindiga ta Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku, malamai editoci, da wakilanku da masu fassara da masu karanta labarai a gidajen rediyo da talabijin da jaridu da shafukan intanet da ke aiki da harshen Hausa, na gida da na waje. Ina rubuto muku ne a kan wani labari guda da kuka daɗe kuna kawo mana, wato taƙaddamar da Amurkawa ke yi a kan mallakar bindiga, kuma ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku ko da maganar za ta ɗan yi tsawo.

Mafi yawan masu sauraronku ba su taɓa taka Amurka ba, saboda haka abin da kuka gaya musu game da ita shi ne iyakar saninsu. Da a ce maganar ta tsaya can, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, tambayar ko ya dace a bar talaka ya mallaki bindiga ta shigo majalisun hira da ƙofofin masallatai da tashoshin mota, kuma da wuya a yi wannan musun a watse wani bai kawo Amurka a matsayin hujja ba. Wannan ya ce ai can kowa da bindigarsa, shi ya sa ba a shiga ƙauye a kwashe mutane. Wancan ya ce ai can kullum sai an harbe yara a makaranta. Dukansu biyun daga bakinku suka ji abin da suke kafa hujja da shi, kuma wannan ne ya sa nake ganin amanar da ke wuyanku ta fi nauyin da ake ba ta.

Ba ƙarya nake tuhumar ku da ita ba. Abin da nake gani shi ne, labarin yakan iso gare ku bayan an riga an tace shi a ɗakunan labarai na New York da Washington da Landan, inda aka riga aka zaɓi mamacin da za a nuna da wanda za a bari, sai ku fassara shi da kyakkyawar Hausa, zaɓin nan kuma ya biyo fassarar ya shigo kunnuwanmu ba tare da kowa ya lura ba. Tsarin labarin ma ya zama sananne: wani ya yi harbin kan mai uwa da wabi a makaranta ko kanti, a faɗi adadin waɗanda suka mutu, shugaban ƙasa ya yi ta'aziyya, 'yan jam'iyyar Democrat su nemi a tsaurara doka, 'yan Republican su ƙi, a ambaci NRA, ƙungiyar masu kare haƙƙin mallakar bindiga, bayan kwana uku kuma a yi shiru har sai wani ya sake harbi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gaskiya ne, amma wanda bai ji komai ba sai su zai tashi da fahimtar da ta karkace.

Ku duba alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na shekarar 2021. Mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu a wannan shekara. Daga cikinsu, 26,328 su ne suka harbe kansu da kansu, wato fiye da rabi, sannan 20,958 wasu ne suka kashe su, ragowar kuma haɗari ne ko harbin jami'an tsaro ko abin da ba a tantance ba. A wannan shekarar dai, hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta ƙirga aukuwa 61 na irin harin da mutum ke shiga cikin jama'a ya buɗe wuta, waɗanda suka ci rayuka 103. Ran mutum ɗaya ma ba abin rainawa ba ne, kuma babu mai tausayi da zai ji labarin yara 20 da manya 6 da aka kashe a makarantar firamare ta Sandy Hook a Disambar 2012, ko yara 19 da malamai 2 na garin Uvalde a jihar Texas a Mayun 2022, zuciyarsa ba ta karaya ba. Sai dai idan irin wannan harin ne kawai ke shiga kanun labarai, mai sauraro ya zama kamar mai sayen hatsi da ya duba bakin buhu ya yanke hukunci a kan abin da ke ƙasansa. Kusan duk mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka suna mutuwa ne ɗai-ɗai, a ɗaki ko a bakin titi, ba tare da na'urar ɗaukar hoto ta zo ba.

Batun masu kashe kansu shi ne aka fi binnewa, alhali shi ne kaso mafi girma. Da yawansu maza ne farar fata, manya a shekaru, kuma abin ya fi ƙamari a jihohin karkara irin su Wyoming da Montana da Alaska, inda bindiga a gida ba baƙon abu ba ce. Likitoci sun daɗe suna bayanin dalilin da ya sa bindiga ta bambanta a nan: wanda ƙunci ya rufe wa ido ya nemi halaka kansa ta wata hanya sau da yawa akan ceto shi, ya kuma rayu ya yi nadama, amma wanda ya ja kunamar bindiga, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Na san magana ce mai nauyi a al'adarmu da addininmu, na kuma san aikin jarida yana da ƙa'idar taka-tsantsan wajen ba da labarin kashe kai don kada wani ya kwaikwaya. Amma ana iya faɗin adadi ba tare da an bayyana yadda aka yi ba, kuma magidancin da ke tunanin ajiye bindiga a ƙarƙashin gadonsa don kare iyali yana da haƙƙin ya san cewa a ƙasar da ta fi kowace yawan bindiga, mai bindigar da mutanen gidansa suna cikin waɗanda ta fi ci.

Sai kuma mutum dubu ashirin ɗin nan da aka kashe. Baƙar fata ba su wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari na al'ummar Amurka ba, amma fiye da rabin waɗanda ake kashewa da bindiga su ne, galibinsu samari ne a wasu 'yan unguwannin talakawa na biranen Chicago da Baltimore da St. Louis da Memphis da New Orleans. A nan ne son kan kafofin labaran Amurka ya fi fitowa fili, kuma daga ɓangarori biyun yake. Kafofin da ke karkata ga masu neman tsaurara doka sukan yi makonni a kan harin da ya faɗa wa makarantar unguwar masu hali, su kawo sunan kowane yaro da hotonsa da burin da yake da shi, su kuma wuce samarin da aka harbe a ƙarshen mako a kudancin Chicago da jimla ɗaya. Kafofin masu ra'ayin riƙau, irin su Fox News, sukan ambaci Chicago sosai, sai dai a matsayin sandar dukan 'yan Democrat da ke mulkin birnin, ba tare da sun gaya wa mai kallo cewa idan aka auna da yawan jama'a, jihohin Mississippi da Louisiana, masu sassaucin dokar bindiga, suna kan gaba wajen mace-macen bindiga, Massachusetts mai tsattsaurar doka kuma tana can ƙasa ba. Ɓangare ɗaya ya manta da mamatan, ɗayan ya tuna da su don amfanin kansa. Mu ma mun san irin wannan a gida: harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ya riƙe kanun labarai na watanni, kuma ya cancanci haka, amma ƙauyuka nawa aka kwashe a cikin waɗannan watannin da ko sunayensu ba a iya faɗa daidai ba?

Akwai kuma maganar irin bindigar. Hoton da ake yawan nunawa shi ne na doguwar baƙar bindiga ƙirar AR-15, kuma sau da yawa a Hausa akan kira ta mai sarrafa kanta, sai mai sauraro a Gusau ko Maraɗi ya hango AK-47 irin ta 'yan ta'adda da ke ɓarin harsasai idan aka danne kunama. Wadda ake sayarwa a shagunan Amurka harsashi ɗaya take fitarwa duk jan kunama ɗaya. Masu ɓarin wuta kuwa an ɗaure su da doka tun 1934, an kuma hana sayar wa farar hula sababbinsu tun 1986. Bayan haka, a alƙaluman FBI na 2020, ƙaramar bindiga ta hannu ce aka yi amfani da ita a kashi 59 cikin ɗari na kisan da aka yi da bindiga, doguwar bindiga kowace iri ce kashi 3 kacal, sauran mafi yawansu ba a rubuta irin bindigar ba. Masu kare haƙƙin mallaka suna son wannan adadi ƙwarai, amma su ma akwai abin da suke tsallakewa, domin da irin wannan doguwar bindigar aka yi ɓarnar Sandy Hook da Uvalde da wata makaranta a Parkland da birnin Las Vegas, kuma likitocin da suka karɓi gawawwakin yaran sun yi bayanin irin ragargazar da harsashinta ke yi wa jiki. Amurka ta taɓa haramta sayar da wasu daga cikin irinta daga 1994 zuwa 2004, har yau kuma masana ba su gama musu kan yawan amfanin da haramcin ya yi ba. Mai sauraro yana iya ɗaukar duka wannan idan aka ba shi.

Ina kuma roƙon ku riƙa faɗin inda adadi ya fito. Idan aka ce an yi harbin kan mai uwa da wabi fiye da sau 600 a shekara guda a Amurka, wannan ƙidayar ƙungiyar Gun Violence Archive ce, wadda ke lissafa duk inda aka harbi mutum huɗu ko fiye, ko sun mutu ko sun ji rauni, har da faɗan 'yan daba da rikicin cikin gida. Wasu masu ƙidayar, da ke lissafa kisan gilla a bainar jama'a kawai, ba sa samun ko kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi. Haka maganar cewa bindiga ta zama abin da ya fi kashe yaran Amurka tun daga 2020: gaskiya ce, amma lissafin ya faro ne daga ɗan shekara ɗaya zuwa ɗan shekara 19, kuma mafi yawan mamatan matasa ne, ba 'yan firamare ba. A ɗaya ɓangaren, masu cewa Amurkawa na kare kansu da bindiga sau miliyan biyu da rabi a shekara sun dogara ne da wani binciken wayar tarho da Gary Kleck da Marc Gertz suka wallafa a 1995, alhali binciken da gwamnati ke yi a kan waɗanda aka yi wa laifi yakan ba da adadin da bai kai ko kusa da kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Kowane sansani yana ɗaukar ma'aunin da ya yi masa daɗi, kuma ɗan jaridar da ya karanta adadi bai faɗi ma'auninsa ba ya shiga sansani ko bai yi niyya ba.

Wani dalilin wannan ruɗani shi ne an daɗe ana toshe hanyar bincike. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi, wanda ake kira da sunan ɗan majalisa Jay Dickey, da ya hana CDC amfani da kuɗinta wajen tallata taƙaita bindiga, abin da ya sa binciken gwamnati a kan lamarin ya kusan tsayawa fiye da shekara ashirin, sai a ƙarshen 2019 aka ware dala miliyan 25 don a farfaɗo da shi. Gurbin da aka bari kuwa masu kuɗi da manufa ne suka cike shi. Kuna yawan ambaton NRA, wadda aka kafa a 1871 don koyar da harbi, ta kuma rikiɗe ta zama ƙungiyar gwagwarmayar siyasa bayan babban taronta na Cincinnati a 1977, kuma daidai ne a ambace ta, har da shari'ar almundahanar da ta kai ga saukar shugabanta Wayne LaPierre a farkon 2024. Amma ba kasafai nake jin an ce ɗaya ɓangaren ma yana da attajirinsa ba: tsohon magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya kafa ƙungiyar Everytown a 2014 da alƙawarin dala miliyan 50, kuma da tallafin wannan ƙungiya aka kafa The Trace, kafar labarai da ba ta da aiki sai rahoton bindiga. Wannan bai mai da rahotanninta ƙarya ba, da yawansu ma ingantattu ne, amma mai sauraro ya cancanci ya san wanda ya ɗauki nauyin wanda ke yi masa magana.

Abin da ya fi damuna shi ne da wuya a ji muryar shi mai bindigar. Kusan ɗaya cikin uku na manyan Amurka yana da bindiga, kuma a binciken cibiyar Pew kusan kashi 72 cikin ɗari na masu ita sun ce kare kai ne babban dalilinsu. Da yawansu manoma ne da mafarauta da ke zaune inda ɗan sanda zai yi doguwar tafiya kafin ya iso, akwai mata da ke zaune su kaɗai, akwai baƙar fata da tarihi ya koya musu kada su jira hukuma. Idan aka nuna waɗannan mutane a matsayin mahaukata ko 'yan amshin shatan NRA, mai sauraro ba zai taɓa gane dalilin da ya sa dokar ta ƙi sauyawa ba. Dalilan kuwa a bayyane suke. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba jama'a haƙƙin riƙe makamai. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu ta ce haƙƙin na kowane mutum ne a karan kansa. A 2022, a shari'ar Bruen, ta faɗaɗa shi zuwa fita da bindiga waje. A 2024 kuma, a shari'ar Rahimi, ta yarda a ƙwace bindiga daga wanda kotu ta samu barazana ne ga matarsa ko abokiyar zamansa. Ga kuma tsarin Majalisar Dattawa, inda jihar Wyoming mai mutum ƙasa da 600,000 take da sanata biyu daidai da California mai kusan miliyan 39, inda kuma yawanci sai an sami ƙuri'a 60 cikin 100 kafin doka ta wuce. Shi ya sa a Afrilun 2013, watanni huɗu bayan Sandy Hook, ƙudurin faɗaɗa binciken tarihin mai sayen bindiga ya sami ƙuri'a 54 amma ya faɗi. Kuma ba daidai ba ne a ce ba a taɓa yin komai ba, domin bayan Uvalde jam'iyyun biyu sun haɗu a kan wata doka, ko da ƙarama ce, da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a Yunin 2022.

Tarihin launin fata ma yana cikin wannan taƙaddama, kuma ba ya bin layin jam'iyya yadda ake zato. A 1967 Ronald Reagan, yana gwamnan California, ya sa hannu a dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a fili, bayan 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther sun fara sintiri da makamai a unguwanninsu. A Yulin 2016 ɗan sanda a jihar Minnesota ya harbe Philando Castile, baƙar fata mai lasisin riƙe bindiga, a cikin motarsa, bayan ya sanar da ɗan sandan cewa yana ɗauke da ita, NRA kuma ta yi sanyin gwiwar da har wasu 'ya'yanta suka yi tir da shi. Irin waɗannan labaran ba sa yi wa kowane sansani daɗi, shi ya sa ba a cika jin su ba, kuma su ne suka fi koyar da mai sauraro.

Ba zan ɓoye muku ra'ayina ba. Ni ina ganin ƙasar da ke da bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato sama da 120 ga kowane mutum 100 a ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2018, tana biyan farashin da bai kamata a biya ba, kuma ina ganin Ostireliya ta yi daidai da ta saye bindigogi kimanin 650,000 daga hannun jama'a bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, kamar yadda Birtaniya ta yi daidai da ta haramta ƙananan bindigogi bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane a wannan shekarar. Amma ra'ayina ba ya buƙatar a ɓoye wa kowa cewa waɗannan ƙasashe ba su da irin gyara na biyu a tsarin mulkinsu, ko cewa mace-macen bindiga a Ostireliya sun riga sun fara raguwa kafin dokar. Ba ya kuma buƙatar a ɓoye cewa a Uvalde jami'an tsaro 376 sun taru a makarantar, aka yi minti 77 kafin su shiga ajin da maharin yake, alhali yara na kiran waya daga ciki suna neman ɗauki. Uban da ya ji wannan ya ce shi ba zai dogara da hukuma ba, ba mahaukaci ba ne, kuma mutumin Tsafe ko Batsari ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kafin ya fahimce shi.

Game da su maharan, ina roƙon ku yi koyi da abin da Firaministar New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, ta yi bayan an kashe Musulmi 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch ranar Juma'a, 15 ga Maris 2019, lokacin da ta ce ba za ta taɓa ambaton sunan makashin ba, ta nemi a ambaci sunayen mamatan. Wannan mutum ya watsa ta'asarsa kai tsaye a Facebook domin suna yake nema, kuma wanda ya kashe baƙar fata 10 a wani kanti a Buffalo a Mayun 2022 ya kwaikwaye shi ne. Ku kuma kula da yadda ake raba suna gwargwadon addini da launi. Wani bincike da Erin Kearns da abokan aikinta suka yi a kan hare-haren ta'addanci a Amurka tsakanin 2006 da 2015 ya gano cewa harin da Musulmi ya kai yakan sami rahotanni fiye da ninki huɗu na wanda wani ya kai. Idan kafar da kuke fassarawa ta kira wannan ɗan ta'adda ta kira wancan mai taɓin hankali kafin bincike ya kammala, ba dole ba ne ku bi ta.

Duk wannan yana komowa gida ne. A Maris 2018, a wajen bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, Janar T. Y. Ɗanjuma ya kira jama'a su kare kansu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya faɗi makamanciyar wannan magana, sannan a Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta umarci jama'a su nemi lasisin bindiga, ta ce za ta raba takardun cikewa 500 ga kowace daga masarautu 19 na jihar, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A yawancin rahotannin da suka biyo baya an jera wanda ya ce e da wanda ya ce a'a, amma ba a cika bayyana wa jama'a abin da dokar makamai ta 1959 ta tanada ba: cewa bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogin hannu sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a kuma cika nuna cewa matsalarmu ta sha bamban da ta Amurka ba. Can, bindigar da ke kisa galibi daga shago ta fito da rasiɗinta kafin ta sauya hannu. Nan kuwa ta iyakokin Sahel take shigowa, musamman tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, ko daga maƙeran ɓoye, ko daga rumbunan hukuma kanta, tun da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna akwai AK-47 fiye da 88,000 da rundunar 'yan sanda ta kasa bayanin inda suke. Wanda ya ɗauko hujjar Amurka ya ɗora ta a kan Zurmi ba tare da wannan bambancin ba, ko yana goyon bayan a raba bindiga ko yana adawa, zai kai mutane inda ba su yi niyya ba. Muna kuma da namu darasin a tarihin 'yan sa-kai, waɗanda suka kare ƙauyuka da dama, amma kisan da wasunsu suka yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abin da ya hura wutar ramuwar gayyar da muke ciki. Gwamnatocin Katsina da Zamfara sun kafa rundunonin tsaron al'umma a 2023 da 2024, kuma jama'a na buƙatar a bi musu diddigin aikin waɗannan rundunoni da idon basira, nasararsu da kurakuransu duka.

Na san ba a cikin sauƙi kuke aiki ba. Labarin duniya minti biyu ake ba shi, ma'aikata kaɗan ne, kuma ban manta da tarar naira miliyan biyar da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, NBC, ta ci Trust TV a Agustan 2022 saboda shirin bincike a kan 'yan bindiga ba. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Duk sa'ad da za ku kawo labarin harbi a Amurka, ku ƙara jimla ɗaya da za ta sanya shi a cikin jimillar mace-macen shekara, ku faɗi wanda ya ƙirga adadin da kuka karanta da abin da ya ƙirga, ku rage ambaton sunan maharin. Sannan ina roƙon ku ware shiri guda cikakke, a lokacin da babu wani sabon hari da ke tayar da hankali, ku nemo Hausawa mazauna Amurka, cikinsu da likitan da ke karɓar waɗanda aka harba da wanda ya mallaki bindiga bisa doka, ku haɗa su da lauyan da ya san dokar 1959 da mai unguwar da 'yan bindiga suka taɓa tayar da ƙauyensa, ku bar layukan waya a buɗe domin masu sauraro su yi musu tambayoyi da bakinsu.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Mai sauraronku na kullum.